Yaya, ƙwan fitilar da ka ce in aiko maka

Yaya, barka da war haka, ya mutanen gida? Saƙonka ya iso, har da hoton kwalin ƙwan LED ɗin nan da aka rangaɗa wa lumen 20,000 a jiki, wato ma'aunin yawan haske. Ka ce in nemo maka irinsa amma na Jamus, tunda a ganinka na nan ya fi ƙarko. Ƙwai kam zan aiko, sai dai ba wannan ba. Irinsa ya taɓa sa na turo babur gida daga wajen duba lafiyar abin hawa ba tare da sabon tambari a lamba ba.

A shekarata ta biyu a nan na sayi tsohon babur na hannu mai ƙwan H4, wani irin ƙwan halojin mai siraran wayoyi a ciki, saboda ina tashi aiki da dare. A arewacin Jamus, in Disamba ta shigo, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ga yayyafi kusan kullum, jiƙaƙƙiyar kwalta kuwa shanye haske take yi. Na gaji da lalube, sai na shiga intanet na yi odar wani ƙwan LED mai 'yar fanka a ƙeya. Da na ɗaura shi na kunna a jikin ƙofar gareji, fari fat, har na ɗauki hoto. Makonni na yi ina yawo masu mota suna dalla mini fitila, ni kuma ina cewa a raina baƙin ciki ne kawai.

A nan duk shekara biyu sai an kai babur an duba shi. Kowa TÜV yake kiran abin, sunan wani kamfanin dubawa, ko da a wani kamfanin kamar Dekra aka yi. Wanda ya duba nawa dattijo ne marar yawan magana. Ya ce in hau in zauna kamar zan tafi, sannan ya gangaro da wani akwati mai tayoyi da gilashi a fuska, ya tsayar da shi a gaban fitilar, ya leƙa ta sama. Sai ya yafito ni in zo in gani da idona. A cikin akwatin akwai allo mai layuka. Fitila mai lafiya, in tana kan dim, haskenta yankewa yake yi tsaf a kan layi, ƙasa haske sama duhu, kamar an sa wuƙa. Nawa kuwa kamar an watsa farin fenti a bango: sama, gefe, ko'ina ya samu, sai tsakiyar da ake bukata ce ta fi kowane wuri rauni. Ya tambaye ni takardar izinin ƙwan. Na yi zuru. Ya rubuta, ya ce wata guda gare ni in gyara in dawo.

Daga baya na gane abin da ya faru. Ƙwai shi kaɗai ba ya haska hanya, kwanon nan mai ƙyalli da ke bayansa ne ke tattara hasken ya jefa shi gaba, kuma an ƙera kwanon ne a kan cewa hasken zai fito daga wuri guda ɗan ƙarami, daidai inda siririyar wayar cikin ƙwan take. H4, wanda ake amfani da shi tun 1971, wayoyi biyu gare shi. Ta dim wat 55 ce, tana ba da lumen 1,000, da wata 'yar marfiyar ƙarfe a ƙarƙashinta da ke hana haske tashi sama. Ta ful wat 60 ce, lumen 1,650. Kwatanta wannan da 20,000 ɗin da ke jikin kwalinka, Yaya, ka san ba girin-girin ba dai ta yi mai. Ƙwan LED na araha, ƙwayoyin haskensa a jikin wani allo mai kauri suke, wani ma ta fuska huɗu, ba a gurbin wayar ba. Sai kwano ya rasa abin tattarawa. Kai da ke kan babur za ka ga gabanka ya yi fes, taku goma, amma wannan farin da ke kusa shi ke tsuke maka ido, ramin da ke can nesa ba za ka gan shi ba sai ka iso. Mai tahowa kuma ka kashe masa ido, kuma kanka zai nufo.

Ba wai Jamusawa sun hana LED ba ne. A 2020 hukumar ababen hawa ta ƙasar, KBA da ke Flensburg, ta fara ba kamfanin Osram izinin wani ƙwan LED da ake sawa a gurbin ƙwan halojin na H7, kamfanin Philips ya biyo baya, daga bisani H4 da babura suka shiga. Amma izinin na jerin sunaye ne. An gwada ƙwan a cikin fitila kaza ta babur kaza, in naka ba ya cikin jerin to ba naka ba ne, kuma takardar izinin tana tafiya da kai duk inda za ka. Nan ne na ga bambancin ciniki. A gida mai kaya zai tambaye ka mai haske kamar yaya kake so. A shagon kayan babur na nan, yarinyar da ke kanta ba ta ko taɓa kwali ba sai da ta karɓi takardar babur ɗina, ta fita waje ta karanta lambar da ke jikin gilashin fitila, wadda ke da harafin E a cikin da'ira (E1 Jamus ke nan, E2 Faransa), ta dawo ta duba kwamfuta ta ce babur ɗina ba ya ciki. Ta bar ciniki ya wuce. Na tsaya ina kallonta.

Ta nuna mini ƙwan halojin masu rubutun +100 ko +150 cikin ɗari. Wat ɗinsu ɗaya da na asali, wayar ce aka matse ta ta fi zafi, kuma ƙarin da ake faɗa a wani yanki ne na kan hanya, ba a hasken gaba ɗaya ba. Suna yi, amma sun fi saurin ƙonewa. Masu shuɗin gilashi kuwa ka rabu da su, shuɗin nan tace haske yake yi, ragewa ke nan.

Abin da ya gyara mini fitila a ƙarshe ba ƙwai ba ne. Wani abokin aikina ɗan Poland, mai son taɓa waya, ya kawo mita. Da inji na aiki, a kan batir bolt 14 da 'yan kai, a bakin ƙwan kuwa da kyar ya haura 12. Sauran ya zube a hanya: tsohon makunni, soket ɗin da ya yi kore, da wayar at (earth, mai mayar da wuta) da ta ci tsatsa a inda aka ɗaure ta da jikin babur. Halojin ba ya yafe wannan, in wuta ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, haske kusan kashi 30 yake raguwa. Muka kankare tsatsar, muka jawo waya mai kauri daga batir da fiyus ɗinta, muka sa rile (relay, ɗan makunnin da ke kai wutar batir kai tsaye ga ƙwai), makunnin babur ya koma ba da umarni kawai. Na wanke gilashin ta ciki. Da ƙwan H4 na yau da kullum na koma wajen dattijon, ya leƙa akwatinsa ya manna tambari bai ce uffan ba.

To naka babur ɗin ƙarami ne, kuma na tuna in ka ba shi wuta fitilar na ƙara haske, in ya koma sulo ta yi ja. Wannan alama ce daga koyil take shan wuta kai tsaye, wutar AC, ba daga batir ba. LED da yawa a irin wannan kyaftawa suke yi ko su mutu da wuri, sai an juya layin zuwa batir, kuma sai cajin ya iya ɗauka. Irin waɗannan babura galibi ƙwai mai wat 35 suke ɗauka. Kada wani ya sa maka mai wat 100, koyil ɗin ba zai ciyar da shi ba, in ma ya yi to soket zai narke.

Akwai abin da za ka yi yau da daddare ba ka kashe ko sisi ba. Nemi fili a miƙe da bango. Hau babur ka zauna, wani ya auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ya sa alama a bango daidai wannan tsayin. Ja baya mita 10, kunna dim. Layin da haske ya yanke ya sauka santimita 10 ƙasa da alamar, haka ake saita na babura a nan. In fili bai kai ba, mita 5 da santimita 5. Akwai noti a gefe ko a ƙarƙashin fitilar na ɗagawa da saukewa. Tunda kana yawan goyo da ɗaukar kaya, sake gwadawa da mutum a baya, za ka ga yadda baya ke nutsewa fitila ta kalli sama.

Kada ka ɗauka komai na nan ya fi. In bazara ta shigo kowa ya fito da babur, sai ka yi makonni kana jiran ranar da gareji zai karɓe ka, awa suke ƙirga maka, kuma ba sa ɗinke waya, cirewa suke yi su sa sabuwa. Sababbin babura da yawa fitilar LED ɗinsu a rufe take ruf, ba ƙwan da za ka canja, in ta mutu sai dukkanta. Aikin rilen nan da muka yi, rewaya a gida zai gama maka shi kana tsaye. Mita kawai za ka ce ya ɗauko ya auna, kada ya tsaya a kan gwada tartsatsi.

Abu guda da nake so ka ara daga nan shi ne kunna dim da rana. Doka ce ga babura a Jamus, har yawancin sababbin ba su da makunnin kashe fitilar gaba, kana tayar da inji ta kama. Babur siriri ne, mai mota da zai fito daga kwana yakan duba ya rantse bai ga komai ba.

Ka zare ƙwan da ke ciki, kada ka riƙe gilashin da yatsa in halojin ne, maiƙon hannu na rage masa kwana. Ɗauko mini hoton gindinsa da rubutun da ke jiki, da hoton soket ɗin. Zan haɗo maka ƙwai biyu daidai gurbinsa, da rile, da fiyus. A gaida su Inna.