Gidan kula da matan da anka ceto daga masu safara a Sakkwato, abin da na gani da idona

Yawancinmu nan Sakkwato in anka ce an kai mace "gidan kulawa" abin da ka zo muna a rai shi ne gidan horo, ƙofa da kwaɗo, tsawa da bulala. Wanga gida da nike magana ba haka yake ba, kuma ɗiyar yayata ta yi watanni a cikinai shi ya sa nike da bakin magana. Ba zan faɗi sunan gidan ko unguwar ba, ƙa'idarsu ce kuma na yarda da ita ɗari bisa ɗari, don waɗanda sunka sayar da matan nan ba su daina nemansu ba, har gobe cewa suke suna bin su bashi.

Ita bazawara ce da yaro guda. Wata mata tac ce za ta sama mata aikin gida a Libiya ana biya da dala, anka bi da su ta Illela sunka tsallaka Konni, sai Tawa sai Agadas, daga nan bayan Hilux cikin sahara. Suna isa anka karɓe waya, anka ce kuɗin hanya bashi ne a kanta, kuma da jikinta za ta biya. Allah ya isa. Hukumar IOM ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan ci-rani ce ta maido ta cikin waɗanda take kwasowa daga Libiya tun 2017, sannan ta biyo ta hannun NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane da anka kafa a 2003, suna da ofis nan Sakkwato da ke kula har da Kebbi da Zamfara. Masaukinsu na ɗan lokaci ne, galibi sati 6, to daga nan ne anka miƙa ta ga wanga gida na wata ƙungiya mai zaman kanta.

Abin da ya fi shiga raina shi ne ba wanda yat tsare ta da tambaya. Farkon zuwanta ba ta magana, ba ta yarda a rufe ƙofa, in anka kashe fitila sai ta tashi zaune tana rawar jiki. Akwai wata dattijuwa da suke ce ma Mama, ita ka kwana da su, sai ta shimfiɗa tabarmarta bakin ƙofar ɗakin ta bar tocila a kunne har asuba, ba ta ce mata komi ba illa "ɗiyata kwanta, ina nan". Na duba ƙofofin da kaina, sakata ta ciki take, babu ta waje. Wanda bai san abin da anka yi ma matan nan ba zai ga kamar ƙaramin abu ne, wallahi ba ƙarami ba ne.

Sai maganar addini, kuma nan ne na fi jin tsoro tun farko, don na san halinmu, da mun ga mace cikin wanga hali sai mu fara mata wa'azin tuba kamar ita ta kai kanta. Malamar islamiyyarsu ba ta yi haka ba. Ta karanta musu aya ta 33 cikin Suratun Nur, inda Allah ya hana tilasta mata yin karuwanci kuma ya ambaci gafara da rahama ga wadda anka tilasta, tac ce musu laifin yana wuyan wanda ya tilasta ku. Ɗiyar nan da bakinta tac ce min "Inna ranar ce na fara iya ɗaga hannu in yi addu'a ban ji kunyar Allah ba", na yi kuka sosai. Ita ma dokar ƙasa ta hana safarar mutane ta 2015 haka ta ɗauke su, waɗanda anka zalunta ne, ba a tsare su ko a gurfanar da su kan abin da anka tilasta musu. Akwai 'yan kudu kiristoci da anka tare a boda, su ma ba wanda ya matsa musu kan addini.

Ɓangaren lafiya sun yi ƙoƙari, gwajin ƙanjamau, ciwon hanta, ciki, duk an yi kuma sakamako ita kaɗai anka gaya ma, ko ni ban sani ba sai da ta ga dama ta faɗa min. A keke napep suke kai su asibiti ba mota mai tambari ba. Akwai mai ba da shawara da ke zama da kowace ita kaɗai, wadda abin ya taɓa ma ƙwaƙwalwa sosai kuma a tura ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Abinci ba laifi, su ka girki da kansu bi da bi, tuwo da miyar kuka, dafa-duka, fura da rana.

To yanzu inda sunka gaza, kuma don ina son gidan nike faɗi. Sana'o'i iri guda ne anka yanka ma kowa, ɗinki, sabulu, turaren wuta, man shafawa. Yarinyar nan kanta na ja wajen lissafi, so take ta koma makaranta ko ta buɗe POS, amma keken ɗinki anka ba ta ranar fita babu jari babu ko yadi guda, a unguwar da kowane lungu akwai tela, ina za ta samu kwastoma? Kuma talaucin nan shi ya fitar da ita tun farko, in ba a toshe shi ba gobe wata mai daɗin baki za ta sake zuwa. Na biyu ba su karɓar yaron da ya wuce shayarwa, ɗanta wajenmu ya zauna, duk ziyara rabuwarsu sai ka kau da kai, ya kamata a sake duba wagga doka. Sola ɗinsu ma ba ta ɗaukar fanka har safe, kuma kun san zafin Afrilu da Mayu a garin nan, sama da digiri 40, ga mace da ma barci na mata wuya.

Babban gibin shi ne bayan fita. Sun zauna da mu mata kafin ta dawo, sunka ce kar mu tambaye ta mi ya faru, kar mu yi mata gori, kar a yi gaggawar aurar da ita don rufa asiri, kuma ya yi amfani ƙwarai. Amma ba su zauna da mazan gida ba, alhali su ka yanke hukunci, kawunta har yau bai yarda ta fita ita kaɗai. Kiran waya da sunka yi alkawari ya yi ta raguwa har ya tsaya, ita kuma lokacin ne ta fi bukata, lokacin da 'yan unguwa sunka fara ce mata 'yar Libiya.

Duk da haka in wata tawa ta sake shiga wanga hali, Allah ya kiyaye, nan zan so a kai ta. Ba a zuwa kai tsaye, ta ofishin NAPTIP ko ma'aikatar mata ta jiha ake bi. Ku tambaya tun ranar farko wata nawa za ta yi, ina makomar yaranta, wa zai riƙa bibiyarta bayan ta fito kuma har yaushe, ku sa su rubuta muku. Masu son taimakawa kuma audugar mata, sabulu, zannuwa da hijabai sun fi ƙarewa da wuri, kuma don Allah ku bar waya a jaka, ba a ɗaukar hoto.