Makarantar gwamnati ta bayan layi ko ta kuɗi mai nisa, wacce tafi kula da yaro?

Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Tun jiya naga tambayarki, kince yarinyarki ta cika shekara 6 kina so ki sata firamare, ga ta gwamnati a bayan layinku da zata iya takawa da ƙafa, ga kuma ta kuɗi a wata unguwa sai an hau adaidaita, wai wacce hankalinki zaifi kwanciya da ita. Ni dai duka biyun na gani nan Kano, babbana ta gwamnati yayi, ƙannensa biyu ta kuɗi suke.

Abinda na fara dubawa kafin ma zancen karatu shine lokacin tashi, waye yake miƙa yaro kuma hannun wa yake miƙa shi. A ta gwamnatin da babbana yayi ana buga ƙararrawa sai kiga yara sun ɓarke kamar an buɗe dam, babu mai tambayar waye yazo ɗaukar wane, katangar baya ma ta zube har 'yan unguwa sun maida filin makarantar hanya. Ta kuɗin kuma get ɗaya ce, maigadi a zaune, akwai kati da aka bamu wanda in baka nuna ba baza'a baka yaro ba. Ranar da ƙanina yaje ɗaukarsu babu katin sai da antinsu ta kirani a waya taji muryata sannan ta sakesu, shi yayi ta fushi ni kuwa wallahi daɗi naji har raina. A nan kam ta kuɗi ta ɗara.

Haka ma yawan yara. Tsarin ilimi na ƙasa cewa yayi malami ɗaya yara 35 a firamare, amma ajin ɗana ranar da na leƙa na ƙirga sun haura 90, rabi a kan benci rabi a ƙasa, malamar mutuniyar kirki ce amma ta yaya zata gane wane yau jikinsa da zafi ko wance bata dawo daga tara ba? Shi yasa a 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci akan ilimi, ana gyara amma aikin da yawa.

To amma fa kar kiji ance ta kuɗi ki saki jiki. Da yawansu gidan haya ne aka mayar makaranta, falo aji, ɗakin kwana aji, taga ɗaya ƙarama lokacin zafi yara suna jiƙe da gumi, babu filin wasa, in an samu ɗalibai sai a ɗora bene akan ginin da ba'a yishi dan haka ba, matakala ɗaya siririya. Ki tuna benen makarantar kuɗi da ya rufta a Jos a watan Yuli 2024 mutum 22 suka rasu, da na Ita Faji a Legas a 2019 wanda makarantar firamare ce a saman benen. Ta gwamnati duk tsufanta yawanci ba bene bane, ga fili ga iska, in wani abu ya faru yara suna da inda zasu gudu. Sannan mu nan har yau zuciyarmu bata warke ba da yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Disamba 2021, ashe mai makarantar kuɗin da take zuwa ne ya ɗauketa ya kasheta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yuli 2022, kuma dalilin haka gwamnati ta soke lasisin duk makarantun kuɗi na jihar tace kowa ya sake tantancewa. Dan haka ki tambayi takardar izininsu ki ganta da idonki, ki tambayi 'yan unguwar waye mai makarantar, malaman nan shekara nawa sukayi, dan inda ake canza malamai duk zango saboda ƙarancin albashi ba wanda ya san yaronki balle ya san ke.

Sai hanya, wadda itace tafi damuna kuma ba'a cika lissafa ta ba. Ta bayan layi yarinya zata tafi cikin ayarin yaran maƙota, mai shago ya santa, mai kayan miya ya santa, in ta faɗi minti biyar labari ya iskeki. Ta nesa kuwa amanar 'yarki tana hannun ɗan sahu sau biyu kullum, na taɓa tsayawa na ƙirga yara 11 a adaidaita ɗaya, uku a gaba gefen direba, wani ƙafarsa a waje jakarsa tana lilo. Wataran kuma shi baizo ba sai ya turo abokinsa da baki taɓa gani ba. Ni sai da na canza mutum biyu kafin na samu dattijon da muke dashi yanzu, na san gidansa, na san matarsa, kuma sharaɗinmu in bazai zo ba ni zai kira, kada ya turo kowa.

Banɗaki da ruwan sha babu wadda zan yaba, na gani a duka biyun. Ki shiga ki duba da kanki, ki tabbatar na mata daban ne kuma yana da ƙofa. Abinci ki haɗa mata daga gida da gorar ruwanta, kuɗin tara kaɗan.

Wajen kai ƙorafi, a ta gwamnati akwai hedimasta, akwai kwamitin kula da makaranta (SBMC) da iyaye da masu unguwa ke ciki, sama dasu akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. A ta kuɗi magana tana zuwa da sauri tunda kece mai biya, sai dai wasu sunfi son a rufe zance dan kare sunan makaranta.

In nice ke, ga 'yar shekara 6, matuƙar ta bayan layin tana da katanga da maigadi kuma babu babban titi da zata tsallaka, ita zan zaɓa, in haɗata da yayyenta na maƙota, ni kuma in dinga leƙawa. In babu katanga kuma ajin ya cika maƙil, to ta kuɗin, amma sai kin samu wanda kika yarda dashi ya dinga kaita. Kafin ki yanke, kije kowacce ba tare da kin sanar ba, minti goma kafin a tashi, ki tsaya nesa kaɗan da get ki kalli yadda 'yan aji ɗaya suke fitowa da kuma wanda yake tsaye a kansu. Ki dawo ki faɗa mana abinda kika gani sai mu ƙara shawara.