Wata huɗu ina cajin laftof a cikin Prius ɗin Kawu

Aikina lissafi ne. Ni nake riƙe wa Kawu lissafin albasar da yake saukewa a kasuwar Mile 12: buhu nawa ya taso daga Sakkwato, nawa ya ruɓe a hanya, wane dillali ya ɗauka bashi, wa ya biya. Da a littafi muke yi, yanzu komai ya koma cikin wata tsohuwar laftof da batirinta ba ya kai minti arba'in in an zare ta daga wuta. A layinmu na Agege taransifoma ta ƙone tun farkon damina, ana ta karo-karo ana jira. Janareto kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sai an yi shawara kafin a ja igiyarsa. Abin da ya sa na sa wa motar Kawu ido ke nan.

Toyota Prius ce ƙirar 2012, tokumbo, irin mai haɗa fetur da batir, kuma kusan yini guda take yi a fake yana cikin kasuwa. Sai na shiga Computer Village a Ikeja na sayo 'yar ƙaramar inbata mai wat 150, wadda ake cusawa a ramin kunna sigari ta mayar da bolt 12 na mota zuwa 220 irin na gida. Girmanta bai wuce gwangwanin madara ba, bakin soket ɗaya, na USB biyu.

Ranar farko na sha kunya. Na danna maɓallin tayar da mota ba tare da na taka birki ba, rediyo ya kama, inbata ta nuna koriyar fitila, laftof ta fara caji. Na ce shi ke nan, ga wuta kyauta, injin ma bai tashi ba. Can sai motar ta kashe kanta, na sake dannawa. Ta ƙara kashewa, na ƙara dannawa, har ina jin haushin shisshiginta. Ashe ceto na take yi. Bayan La'asar Kawu ya fito zai tafi, ya taka birki ya danna, shiru. Ko fitilar gaban direba ba ta yi ƙyal ba. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, me ka yi wa motar?" 'Yan dako suka taso da zuciya ɗaya za su tura, mota ta ƙi motsi ko taku ɗaya, don giyarta da lantarki take kullewa a P, kuma dama ba irin wadda ake tayarwa da turi ba ce.

Wani rewaya aka kira, dattijo ne ɗan Zariya da ya daɗe a Legas. Ya buɗe gaban motar, ya ɗaga murfin akwatin fiyus, ya maƙala wayarsa a wani ƙarfe mai jan murfi da aka tanada domin haka, nan take kalmar READY ta fito a gaban direba, alamar mota ta tashi ke nan. Yana naɗe waya yake yi min karatu, kuma karatun nan ya fi inbatar kanta amfani a gare ni.

Batir biyu ne a motar. Babban yana bayan kujerar baya, bolt ɗinsa ya ɗan haura 200, shi ke juya motar kuma shi ke tayar da injin. Ƙaramin mai bolt 12 yana cikin but ta gefen dama, aikinsa kawai ya farkar da kwamfutocin motar ya haɗa babban da sauran jiki, shi ya sa ba a yi shi da girma ba. Ramin sigarin nan daga ƙaramin yake sha. Motar kuma ba ta da altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in injin na aiki, irin ta sauran motoci. Idan tana ACC, wato yadda na bar ta, ƙaramin ake ta tatsa babu mai mayar masa. Idan tana READY, akwai na'urar da ke sauko da wutar babban batir zuwa kusan bolt 14 tana ciyar da ƙaramin da soket ɗin gaba ɗaya, in babban ya yi ƙasa injin ya tashi da kansa ya cika shi ya mutu. "Malam," in ji shi, "ka bar rijiya kana shan ruwan buta."

Tun daga ranar a READY nake aiki, giya a P, birkin ajiya a take. Ya kuma ja min kunne kada in bar ta a N, don a nan injin ba ya cajin babban batir ko da yana aiki. A haka abin ya zauna daram. Nakan yi awa uku, wani lokaci huɗu, a kujerar gefen direba, laftof a cinya, rasitai a kan dashbod na danne su da waya. Motar tsit kamar a mace, sai can ka ji ta girgiza injin ya tashi, ya yi 'yan mintoci ya yi shiru. Makon farko duk tashin da zai yi sai gabana ya faɗi. Abin da ya fi burge ni shi ne esi, don da lantarki yake aiki, yana sanyi ko injin na kashe. Sai dai in ka kunna shi injin ya riƙa tashi a kai a kai ke nan, kuma a nan man yake tafiya, ba a laftof ba. Laftof kaɗai, da ƙyar allurar mai take nuna an yi wani abu.

Inbatar kanta fa, yabo da zagi duka tana da su. Tana yin aikin da aka saye ta dominsa, ba ta taɓa ƙona min caja ba. Amma wat 150 ɗin da ke jikinta kada ya ruɗi kowa, don soket ɗin motar wat 120 ne iyakarsa, amfiya 10 ke nan. Cajata mai wat 65 ce, tana wucewa lafiya har da waya biyu a gefe. Wani maƙwabcin rumfarmu ya taɓa zuwa da hitar dafa ruwan shayi wai in ɗan sa masa, na ba shi haƙuri, don irinta takan ja wat dubu, fiyus ne zai tafi kafin ruwan ya yi ɗumi.

Fankarta na da ƙara kamar sauro a kunne. Kanta ba ya zama da kyau a ramin, gwiwa ta ɗan taɓa shi sai wuta ta yanke, in ya yi sako-sako kuma zafi yake ɗauka har ka kasa riƙe bakin ƙarfen. Akwai kuma wani abu da ya ɗauke ni lokaci kafin na gano: in tana caji, kibiyar linzamin laftof takan riƙa rawa tana tsalle, in na zare cajar ta nutsu. Wutar da ƙananan inbatocin nan masu araha ke bayarwa ba sumul take ba kamar ta gida, a gutsure take fitowa, cajar ma har wani ɗan zuzu take yi.

Daga baya na zauna na yi wa kaina lissafi, tun da sana'ata ce. Wutar batir ake ɗagawa zuwa 220, sannan cajar laftof ta sake sauko da ita zuwa 19.5, kowane juyi kuma akwai abin da ke salwanta ya zama zafi. Zuwa Ikorodu ta Badagry ke nan. Na koma na nemo cajar laftof ta mota, wadda ke ɗaga bolt 12 kai tsaye zuwa abin da laftof ke so, mai kawuna daban-daban da za ka zaɓi naka. Babu fanka, babu rawar linzami. Da ita zan ce wa mai laftof ɗaya ya fara, ya dai duba bolt da wat ɗin da ke rubuce a bayan cajarsa ta asali kafin ya biya. Inbatar yanzu tana aljihun ƙofa, sai in za a yi cajin fitila ko injin aski.

Shirun motar nan shi ne abin tsoronta. Mutum zai manta a kunne take, alhali injin na iya tashi ko yaushe, kuma hayaƙinta irin na janareto ne da muke jin ya kashe iyali guda a ɗaki, gubar cikinsa ba ta da wari. Ba na yin wannan aikin a rufaffen wuri, a gida kuma ba na juya salansa wajen tagar kowa. In an kira salla kashe ta nake yi gaba ɗaya in kulle, don mota a READY duk wanda ya shiga ya ja giya ta tafi, a Legas kuwa ba sai an yi wa mutum bayani ba.

An gyara mana taransifoma tun watan jiya, amma har yanzu a motar nake rufe lissafin yini kafin mu kama hanyar Agege. Kawu ya lura da esin da nake sha. Ya sa na buɗe sabon layi a ƙarƙashin kuɗin dako da na sauke kaya, ya ce in rubuta masa suna "man ofis", kuma daga albashina ake cire rabi.