Wanne wasan yaƙi na ƙungiya za ka saya in tsohuwar ordinatar gare ka

Shekaranjiya da dare muna fada ana dafa shayi, ƙanen wani abokina ya zo da ordinatar ɗin da yayansu ya aiko masa, okaziyon ce, ram giga 4, batir ɗinta bai riƙe awa biyu, ya ce shi ya gaji da wasan ƙwallo da na tseren motoci, yana son irin wasan nan da kake jan tawagar mayaƙa da takubba da matsafa kuna shiga kogo kuna saran dodanni. Na ba shi amsa a tsaitsaye saboda an kusa zuba na biyu, amma abin ya tsaya min a rai, don na san in ya tashi daga nan kasuwa zai nufa a tura masa a kile, kuma can ne ni aka cuce ni. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ba zan ɓoye ba, ni Icewind Dale nake so, kuma shi zan ce ka saya. Amma bari in fara kawar da sauran daga hanya.

Diablo II kowa ya san shi, ya fito a 2000, yana da daɗi, amma mutum ɗaya kake ja sai ɗan sojan haya guda a bayanka, wannan ba tawaga ba ce, sabon da aka gyara a 2021 kuma ordinatar irin tamu ba ta ɗaukarsa. Dungeon Siege na 2002 yana ba ka har mutum takwas da alfadari mai ɗaukar kaya, sai dai mutanenka su ke yin faɗan da kansu kai kana kallo kana ba su magani, kuma wanda ake saidawa a Steam, kantin wasanni na intanet, ba ya ɗauke da ƙarin Legends of Aranna. Baldur's Gate II babban wasa ne ban musa ba, amma surutu ya fi sara yawa, in ba ka da haƙurin karatu za ka bar shi tun cikin garin Athkatla. Temple of Elemental Evil na 2003 bi da bi ake faɗa a cikinsa, ya kuma fito da matsaloli tuli. In kuwa PS2 ce gare ku a gida da manet biyu, to Baldur's Gate: Dark Alliance na 2001 ku nema kai da ɗan'uwanka, wannan wani zance ne daban.

To Icewind Dale. Kamfanin Black Isle ne suka yi shi, ya fito a watan Yuni na 2000, da inji ɗaya da Baldur's Gate, amma suka rage magana suka ƙara faɗa. Abin da ya fara kama ni shi ne ba a ba ka kowa, kai ne za ka ƙirƙiri mutanenka duka shida tun daga farko, jinsinsu, sana'arsu, makamin da kowa ya ƙware a kai, har sunansu da muryarsu. Ni daren farko ban ma fara wasan ba, zama na yi ina ta jefa ƙuri'ar ƙarfi da kuzari har na samu lambar da ta kwanta min. Tawagar da nake ba sabon shiga shawara ita ce mayaƙa biyu a gaba, ɗaya ya zama wada saboda taurin rai, sai mai warkarwa ɗaya, ɓarawo ɗaya don buɗe makulli da gano tarko, maharbi, sannan matsafi a can baya. Ɓarawon nan kar ka raina shi, wasan cike yake da tarkuna, ranar da ka shiga kabari ba shi za ka gane. Matsafi kuma a farko kamar ɗan tsako yake, kibiya ɗaya ta isa ta kashe shi, ka lallaɓa shi kawai har ya kai nibo 5 ya samu ƙwallon wuta, daga nan labari ya canza, sai dai wutar ba ta san naka ba, in ka jefa ta tsakiyar mutanenka kai ma ka ƙone.

Labarin yana farawa a wani ƙauyen masunta mai suna Easthaven, wani tsohon mayaƙi Hrothgar ya tara ayari za a je taimakon garin Kuldahar, a hanya ƙattin ƙanƙara suka rufto musu dutse da dusar ƙanƙara, ku shida kaɗai kuka tsira. Kuldahar ɗin gari ne da aka gina a gindin wata ƙatuwar bishiya wadda ita ke ba mutane ɗumi a tsakiyar sanyi, kuma ɗumin ya fara ja da baya. Wallahi akwai wani abu da nake ji in ina zaune cikin zafin watan Afrilu na Damagaram, sama da digiri 40, fanka na hura iska mai zafi, ga ni ina tafiya cikin ƙanƙara a ekran da kiɗan Jeremy Soule a kunne, waƙar Kuldahar ɗin nan har yau in na ji ta sai jikina ya yi sanyi. Zanen wuraren ma da hannu aka yi su kamar hoton bango, shi ya sa bayan shekara ashirin da wani abu ba su tsufa ba, ka duba Severed Hand, hasumiyar da aka gina da siffar hannu mai yatsu biyar, ko Dorn's Deep, za ka ga abin da nake nufi.

Faɗan kuwa ba danne-danne ba ne kawai. Kana buga dogon maɓallin nan na ƙasa komai ya tsaya cak, ka ba kowa umarni, wannan ya tare ƙofa, wancan ya harba, matsafi ya sa musu barci ko ya watsa yanar gizo-gizo su maƙale, ka sake bugawa a ci gaba. Wanda bai saba tsayarwa ba zai sha kashi a Dragon's Eye, kogo ne mai hawa biyar, mutane-ƙadangaru a sama, dodannin Troll a ƙasa waɗanda ko ka kayar da su sai sun tashi in ba ka gama su da wuta ko asid ba, don haka kar ka shiga ba ka sayi kwalaben mai da kibau masu wuta ba. A ƙasan duka akwai Yxunomei, shugabar dodannin kogon, sau nawa ta shafe min tawaga kafin in gane sai na ja ta waje na raba ta da masu gadinta. Abu ɗaya da ke ruɗa sabon shiga shi ne lissafin sulke, a dokokin da wasan ke bi lamba ƙarama ita ce mai kyau, mai sulke 0 ya fi mai 5 kariya, mai ƙasa da sifiri ya fi su duka, na ga wanda ya cire sulke mai kyau ya saka mara kyau don ya ga lamba ta hau.

Yanzu wanne za ka saya, don iri biyu ne. Akwai na asali na 2000, akwai Enhanced Edition, wato wanda aka gyara aka inganta, da kamfanin Beamdog ya fitar a 2014. Ka ɗauki na 2014 kawai. Yana tafiya a Windows na yanzu ba sai ka yi ta dabaru ba, yana cika faffaɗan ekran, an haɗa masa ƙarin Heart of Winter da Trials of the Luremaster na 2001 a ciki, akwai Faransanci ga wanda Ingilishi ke ba wahala, akwai kuma wani mataki mai sauƙi da mutanenka ba sa mutuwa in labarin kawai kake son bi. Nauyinsa bai kai giga biyar ba, kuma ordinatar irin ta yaron nan tana jansa ba ta ko huci, wannan babban abu ne a garin da ƙura ke toshe fankar ordinatar duk hunturu. Akwai shi a Android ma, ya fi araha, amma a ƙaramar waya rubutun ƙanana ne kuma jan mutum shida da yatsa azaba ce, in ba tablet gare ka ba ban ba ka shawara ba.

Wajen saye kuma ni GOG, shi ma kantin wasanni ne na intanet, nake zaɓa a kan Steam, dalili ɗaya ne, GOG na ba ka fayil ɗin girkawa ka sauke sau ɗaya ka ajiye a kile ɗinka, ko an wanke ordinatar gobe ka sake girkawa ba ka ƙona forfe ba, ba ya kuma neman koneksiyon kafin ya buɗe. Steam ma yana da yanayin wasa ba intanet, amma shi kansa yana son sabunta kansa lokaci lokaci, kuma kullum sai ranar da ba ka da mega. Kuɗinsa wajen dalar Amurka 20 ne, kusan jaka goma sha biyu ke nan, na san ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ɗalibi, amma suna yawan karya farashi sosai a lokutan rangwame, ka sa shi a jerin abin da kake so ka jira. Biya sai da katin banki, in ba ka da shi ka nemi wani yaya ko kawu da ka yarda da shi ya biya, amma a cikin asusun da kai ka buɗe da imel ɗinka, ba nasa ba.

Nan ne nake son ka buɗe kunne. Shekarun baya na je wata rumfa inda ake tura finafinai da wasanni neman Icewind Dale, mai rumfar ya rantse min cikakke ne har da ƙari, na ba shi jaka biyu. Na zo gida, na farko dai da Rashanci ya buɗe, na koma ya canza min wani, wannan ya yi aiki, na yi sati uku ina bugawa har na kai hawa na huɗu na Dragon's Eye, kullum in na taka wata ƙofa sai wasan ya rufe kansa, ashe an yanke fayiloli ne don ya shiga kile. Wannan duk mai sauƙi ne. Kilen ya zo da birus ɗin nan mai mayar da dosiyoyi gajerun hanyoyi, na sa shi a ordinatar da nake rubuta memuwar ɗina na ƙarshen karatu, babi biyu suka tafi, mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa bai dawo da su ba, sai da na sake rubutawa daga takardun hannu cikin azumi. Da na koma rumfar cewa ya yi ordinatar ɗina ce ke da ciwo. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, arhar jaka biyu na bi na yi asarar wata guda.

Kuma yanzu cutar ta ƙara yawa. Akwai masu tallan asusun Steam a WhatsApp, wasa ɗari a jaka uku, ka biya ka yi kwana biyu mai asusun ya canza kalmar sirri, ko kuma dama na sata ne a rufe shi, ba wanda za ka kai wa ƙara. Akwai shafukan da ke sa sunan GOG a adireshinsu suna cewa kyauta, na gaskiyar gog.com ne kawai, duk wani ƙari a gaba ko a baya ba su ba ne. Akwai fayilolin Android da ake cewa an buɗe zinariya ba iyaka, kana girkawa ya ce ka ba shi izinin karanta saƙonninka da lambobinka, me wasan takobi zai yi da saƙonninka, a wayar da kake karɓar kuɗi da ita fa. Duk wanda ya ce ka kashe antibirus kafin ka girka, ka tashi ka bar wurin. Fayil ɗin da aka ce cikakken wasa ne amma mega 50, shi ma ba wasa ba ne. Masu saida lambar katin kyauta a rabin kuɗi su ma haka, sau da yawa an riga an yi amfani da lambar.

Sai ruɗanin suna, wanda wasu ke cin abinci da shi. Icewind Dale II ya fito a 2002, yana da kyau shi ma, dokokinsa sun ɗan bambanta, amma Beamdog ba su taɓa yi masa Enhanced Edition ba saboda ba a samu asalin lambobin da aka rubuta shi da su ba. Abin da ke yawo da wannan suna gyara ne da masoya wasan suka yi da kansu, kyauta ne, kuma sai kana da na asali yake hawa, don haka duk wanda ya ce zai saida maka shi ya cuce ka. Haka akwai wani Dark Alliance na 2021 wanda labarinsa ke faruwa a yankin Icewind Dale, ba shi ne na PS2 ba kuma ba shi ne wannan da nake magana ba, ka karanta suna da shekara da kyau kafin ka danna biya.

In ka saya, ka saba da maɓallin Q, shi ke ajiye wasa nan take, ka buga shi kafin kowace ƙofa saboda kuran ba ya sallama in zai tafi, kuma kar ka dogara da ajiya ɗaya, ka riƙa yin uku kana juyawa, duk ƙarshen sati ka kwafe dosiyen ajiyar zuwa kile mai tsabta. Ka sayi maus ko na jaka ɗaya da rabi ne a Kasuwar Dole, ɗan faifan shafawa na ordinatar ba zai kai ka ko'ina ba. Heart of Winter kar ka yi saurin shiga, sai tawagarka ta kai nibo 9 ake karɓarka, ni ma na fi son a gama babban labarin tukuna. Wasan yana ɗaukar har mutum shida a haɗe kowa da nasa jarumi, mun gwada mu uku a fada da wifi ɗaya, ni na riƙe wada da mai warkarwa, kuma na yi wa yaron alkawari in ya girka nasa ranar Asabar zan bar masa maharbi da ɓarawo mu fara daga Easthaven.