Yawon zango a Maroko: wace mota da wane tanti ya kamata ka zaɓa?

Masu zuwa ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas da yawa suna komawa gida ba su san cewa kufan wani birnin Romawa yana nan kusa da su ba. Sunansa Walili, Turawa na ce masa Volubilis, kilomita 30 ne kacal daga Maknas, ita kuma Maknas kilomita 60 da ɗoriya ce daga Fas. Wanda ya ƙara mako biyu a kan ziyararsa, ya yi hayar mota, yana kwana a tanti, zai ga Walili, ya ga kufan Liksus kusa da Larash, ya bi bakin teku ya shiga garuruwan da Turawan Fotugal suka yi wa ganuwa. Abin da ke gyara wannan tafiya ko ya ɓata ta shi ne motar da ka ɗauka da makwancin da ka saya, kuma a nan ne kuɗin mutane suka fi zurarewa.

Mota uku ke gabanka. Akwai babbar motar nan mai gado da kicin da bayan gida a ciki, wadda za ka ga tsofaffin Faransawa da Jamusawa sun cika filayen zango da ita lokacin sanyi. Kada ta ruɗe ka. Yawancinsu tasu ce, sun tsallako da ita a jirgin ruwa daga Aljasiras ta ƙasar Sifen zuwa Tanja, kuma watanni suke yi. Kai da ka sauka a jirgin sama a Kasabalanka haya za ka yi, hayarta kuwa ta ninka ta ƙaramar mota, ta fi shan mai, ga kuɗin jingina mai nauyi. Babbar matsalarta ma ba kuɗi ba ne. Tsoffin garuruwan da ka zo gani ba a gina su don mota ba: tsohuwar Fas babu motar da ke shiga lungunanta, garin Maulaye Idris da ke dab da Walili a kan tudu yake, hanyoyinsa matsattsu. Kullum kana neman inda za ka ajiye ƙaton abu. Iyali masu ƙananan yara, ko wanda ke tafe da dattijon da ba zai iya kwanciya a ƙasa ba, su kaɗai nake ganin ta dace da su.

Ta biyu ita ce jif mai tanti a kan rufi. Tana da kyau a hoto, kuma wanda zai shiga rairayin Marzuga ko hanyoyin dutse na Atlas yana da hujjar ɗaukarta. Amma daga Rabat zuwa Fas babbar hanya ce ta biya, A2, haka ma daga Kasabalanka zuwa Jadida, kuma kwalta ce har bakin ƙofar Walili. Za ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka mora ba. Sannan duk lokacin da kake son leƙa kasuwa ko masallaci da mota, sai ka naɗe ɗakin kwananka tukuna.

Ni ta uku nake zaɓa: ƙaramar mota irin Dacia Logan ko Sandero, da tanti a but. A Maroko ake haɗa su, kowane bakanike ya san su, kuma ba sa shan mai. Tuƙi a hannun dama ne kamar a Najeriya da Nijar. Sai dai mafi yawan motocin haya giyar hannu ne, wanda bai iya ba ya nemi otomatik tun kafin ya taso, ya kuma san zai ƙara kuɗi. In kun kai mutum huɗu da kaya, Dacia Duster, wadda ta fi su girma, ta fi.

Kuɗin da ka rage a mota, ka zuba wani ɓangare a inshora. Kamfanonin haya sukan riƙe kuɗin jingina a katin banki, kuma da yawa katin bashi suke so, mai sunan direba. Ka tambaye su a rubuce wane kati suke karɓa, domin katin naira na iya ƙin aiki a waje. Inshora mai araha tana barin wani kaso na ɓarna a wuyanka, cikakkiya tana ɗauke shi ko ta rage. Ka ɗauki cikakkiya, ka duba ko taya da gilashi suna ciki, ka ɗauki bidiyon motar zagaye kafin ka motsa. Gudu a babbar hanya 120 ne, a cikin gari 60, kuma jandarmomi na tsaye da na'ura a mashigar garuruwa. Tara nan take ake biya.

Tanti: a saya a gida ko a can?

A can. Decathlon, kamfanin sayar da kayan wasanni da na zango, na da shaguna a Kasabalanka da Rabat da Tanja da wasu biranen, don haka babu dalilin biyan kuɗin awon kaya a jirgi. Za ka tarar da iri biyu. Akwai mai buɗe kansa da zarar ka sake shi, akwai kuma mai sanduna biyu da ke gittawa, wanda kafa shi ke ɗaukar minti goma. Na farkon daɗi ne da shi ga mai tashi kullum, amma idan aka naɗe shi faifai ne babba da ba ya shiga akwati, kuma naɗewar sai an koya. Na biyun ya fi araha, yana naɗuwa ƙarami, kana iya komawa gida da shi.

Ko wanne ka ɗauka, abu biyu ba a sassauci a kansu. Ya zama mai rufi biyu, domin raɓar bakin teku a Asila ko Jadida tana jiƙa mai rufi ɗaya ta ciki kafin asuba. Sannan ka sayi turakun ƙarfe masu kauri da guduma daban, ka bar siraran da ke zuwa a jaka. Ƙasar filayen zango da dama tauri gare ta, ga tsakuwa, kuma Sawira gari ne da ya yi suna da iska, har masu wasan iska a teku ke zuwa dominta. Tantin da aka rubuta na mutum biyu, mutum biyu ne ba kaya. Ku biyu ku sayi na uku.

Inda muka fi yin sakaci shi ne sanyi, don an ce mana Afirka ce. Sanyin dare daga ƙasa yake shiga jiki, shi ya sa tabarma da bargo ba sa isa. Katifar hura iska ta fi taushi amma ƙaya ɗaya ta gama da ita. Siririyar katifar soso ba ta hujewa, ba ta da tsada. In da hali ka haɗa su, soso a ƙasa. Jakar barci kuwa, ka duba lambar digirin sanyi da aka rubuta ta jin daɗi, kada ka bi mafi ƙanƙantar lamba. Digiri 10 ya isa bakin teku a watan Afrilu ko Oktoba. In za ka hau Ifran, mai tsayin sama da mita 1,600, inda dusar ƙanƙara ke sauka, nemi ta digiri 5 ko ƙasa.

Ba a hawa jirgi da gwangwanin gas. Ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 tana nan a shagunan unguwa, da kan risho da ake ɗaura mata, ta fi gwangwanayen Turai arha da sauƙin samu. Ɗan Najeriya ya zo da adafta mai ƙafa biyu, ɗan Nijar ba ya buƙata. Buta ka sa ta a jaka. Jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto kuwa ka bar shi a gida, kwastan na karɓewa.

Wajen kwana, ka biya filin zango mai mai gadi da ruwa, ya fi kafa tanti inda ka ga dama, musamman a gaɓar teku inda jami'an tsaro ke tada mutane. Za a nemi fasfo. Mai tafiya da iyali ya riƙe takardar aure, wasu masaukai kan tambaya.

Saura hanya, arewa ko kudu. Arewa ta fi kufai. Walili na da ƙofar girmamawa ta sarkin Romawa Karakala ta shekarar 217, da daɓen zane na ƙananan duwatsu a gidajen attajirai, da wuraren matsar man zaitun, kuma nan ne Idris na ɗaya ya sauka a 788 ya kafa daularsa. Babu inuwa sosai, ka je da sassafe. Daga nan sai Liksus ta Finikiyawa, tsoffin 'yan kasuwar teku daga yankin Labanon, da Asila wadda Fotugal ta ci a 1471. Kudu ta fi ganuwa da teku: Jadida, kilomita 100 daga Kasabalanka, inda Fotugal ta zauna daga 1514 har aka fitar da ita a 1769, sai Sawira da Sarki Muhammad bin Abdullahi ya gina a shekarun 1760, tashar da kayan ayarin Timbuktu ke fita teku. Mai kwana goma ya riƙe arewa, ya ƙara da Jadida a dawowa tunda kusa take da filin jirgi. Sawira sai mai mako biyu, kuma ya guji Yuli da Agusta, lokacin da Fas da Maknas ke ƙuna, iskar Sawira kuma ta fi ƙarfi.