Tarbo a kan Civic: e-Manage ko Speeduino, wanne ya dace da mai ƙaramin ƙarfi?

Salamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Gusau ya yi tambaya jiya da dare, ya ce yana da Civic ta 1998 mai injin D16, ya samo tarbo na gwanjo bakanike ya ɗaura mai, saura abin da zai riƙa ba injin mai daidai da iskar da tarbon ke turawa, kuma aljihun ba nauyi. Wani ya ce mai FMU, wani ya ce e-Manage ko SAFC, wani kuma ya ce Speeduino. To ɗan'uwa ni nan Birnin Kebbi nake, kuma wanga lamari na sha wuyarsa kafin in gane kansa.

Kafin komi, don Allah kada ka taka motar ga da ƙarfi yadda take yanzu. Burenbos ɗin da ta zo da shi, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, bai san da zaman tarbo ba. A tafiyar yau da kullum injin fetur yana cin iska kashi 14.7 kan mai kashi 1, amma da tarbo ya fara turi ana son abin ya sauko wajen 11.5 zuwa 12, wato mai ya ƙaru, saboda man nan shi ke sanyaya cikin silinda. In iska ta ƙaru mai bai ƙaru ba, fistan ke biyan bashin.

FMU bari in gama da shi da wuri. Ba kwamfuta ba ne, ƙarfe ne kawai da ke matse layin da mai ke komawa tanki don matsin mai ya hau. FMU mai 12:1 yana ƙara psi 12 na mai kan kowane psi 1 na tarbo (psi ma'aunin matsi ne), to lissafa, matsin man motarka yana kan 43 ko kusa, in tarbo ya tura 6 ka kai wajen 115. Fanfon mai na asali ba zai jure wannan ba, ga tsofaffin tiyo, kuma bai taɓa taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, ko kaɗan. Da shi na fara don arha, wata rana cikin zafin Afrilu tsakanin Jega da Koko na taka in wuce tirela, na ji ƙara kamar ana zuba tsakuwa cikin gwangwani, ko da aka buɗe injin fistan ɗaya ya fashe ta wajen ring. Kuɗin gyaran ya ninka abin da nake ganin na rage.

Sai manyan biyun. e-Manage na kamfanin GReddy ɗan goyo ne, ana haɗa shi da wayoyin burenbos na asali, yana tare saƙon sensa ya canza shi kafin ya isa, wato yaudarar burenbos yake yi. Speeduino kuwa cire na asali ake yi gaba ɗaya a sa shi, shi ke buɗe nozul, shi ke ba filogi wuta. An gina shi kan Arduino Mega 2560, wani ɗan Ostareliya Josh Stewart ya fara shi, kuma tsarinsa a buɗe yake kowa na iya haɗawa, shi ya sa kuɗinsa bai kama ƙafar irinsa na kamfanoni, su Haltech ko Link, ba.

Wajen sauƙin haɗawa ɗan goyo ya ci. Tashin motar da safe, silo, AC, fitilun dashbod, duk suna nan yadda Honda ta bar su, rewaya mai natsuwa zai gama maka cikin yini. Speeduino aikin waya ne sosai, distiributan D16 sai an sa mai ɗan allon da ke gyara siginarsa kafin akwatin ya karanta, sannan daga tashin sanyi har silo kai za ka saita da laftof ta manhajar TunerStudio, kuma sati biyun farko motar za ta ba ka haushi, wannan gaskiya ce.

Amma wajen da ni na fi damuwa shi ne taimin, nan ne magana take. Ka ga in ka sa manyan nozul dole a rage lokacin buɗewarsu a ƙaramin gudu, hanyar da ɗan goyo ke bi ita ce ya ce wa burenbos iska kaɗan ke shiga, shi kuma burenbos da ya ji haka sai ya ɗauka injin ba ya ɗauke da kaya, sai ya tura taimin gaba, alhali a ƙarƙashin tarbo baya ake son ja da shi. SAFC na Apexi shi ma ɗan goyo ne, kuma iyakarsa ke nan, bai da hannun da zai gyara wannan, don haka ni ban ba ka shawararsa ba sam. e-Manage ya fi shi, yana iya ja da taimin baya in ka samu ƙarin wayoyinsa na wuta da na nozul, matsalar yawanci na hannu ake samu kuma sau da yawa akwatin ke zuwa tsirara ba wayoyin ba kebul ɗin laftof. Sannan motarka OBD2 ce, wato tsarin burenbos ɗin da ya biyo bayan tsohon OBD1, burenbos ɗinta yana koyo, abin da ka saita yau a ƙaramin totur zai riƙa warware shi sannu a hankali. A Speeduino ba mai jayayya da kai, teburin mai daban na taimin daban, allon da aka fi sani yana zuwa da sensa mai karanta matsin iska har bar 2.5 wanda ya fi ƙarfin buƙatarka nesa, kuma kana iya ce mai in turin tarbo ya wuce kaza ya yanke.

Me ya sa nake nanata taimin? Saboda ƙasarmu. Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40 a Kebbi da Zamfara, iskar da tarbo ya matse kuma ƙara zafi take yi, ga fetur da ba kullum kake da tabbacinsa ba, balle in tafiya ta kama ka ka sha na bumburutu a gefen hanya. Saitin da wani ya yi a Ingila cikin sanyi da mai mai kyau, in ka kwafo shi daga intanet ka zuba, nan zai kashe maka injin.

Akwai hanya ta uku da masu Honda ke da gata da ita, wato a samo tsohon burenbos P28 na Civic 1992 zuwa 1995, a sa mai cif ko Hondata S300, ɗan allon da ke ba ka damar saita shi da laftof, a haɗa da wayar da ke mayar da OBD2 zuwa OBD1. Wannan ya haɗa daɗin biyun, motar na tashi kamar ta kamfani kuma kana da iko da mai da taimin. In ka samu P28 mai lafiya a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas, ni shi zan sa gaba, Speeduino na biye, e-Manage na uku.

Kowanne ka ɗauka, ka ware kuɗin waidban tukun, wato sensar salansa mai nuna maka lambar cakuɗin mai da iska kai tsaye, irin mai Bosch LSU 4.9. Ta jikin motarka kusa da 14.7 kawai take ganewa, ba ta da amfani a ƙarƙashin tarbo. Sai fanfo irin Walbro 255, a kula da jabu don ya yi yawa, sai nozul da suka fi na asali girma, kada su wuce kashi 80 zuwa 85 na aikinsu, sai intakula mai sanyaya iskar tarbo. Kuma ka tsaya psi 6 ko 7, kwanrod ɗin D16, ƙarafan da ke riƙe da fistan, sirara ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa na lissafin lita, to ka sani mota mai saiti na ƙwarai in ba ka taka ba man da take sha bai da nisa da na da, FMU da saitin kame-kame su ke zubar da mai.

Abu na ƙarshe da zan tambaye ka, wa zai yi maka saitin? In akwai wanda ka sani a Kaduna ko Abuja da hannunsa ya faɗa kan ɗaya daga cikinsu, ka kira shi kafin ka biya ko kobo. Sannan ka buɗe gefen ƙafar mai zama gidan gaba ka ɗauko min hoton lambar jikin burenbos ɗinka, in ga P2E ne ko P2P, daga nan in faɗa maka wayar da za ka nema.