Na'urar karanta lambobin matsalar inji, bayan wata huɗu a hannuna

Tun farkon hunturun da ya wuce fitilar inji ta kama a allon motata, Toyota Corolla ƙirar 2007, kuma ta ƙi mutuwa. Motar tana tafiya, amma duk lokacin da na tsaya a cunkoson Aboabo a Kumasi da safe sai injin ya riƙa karkarwa kamar mai masassara, ga shan mai da ya ƙaru. Makaniken da na saba kai wa aiki ya jona kwamfutarsa, ya karɓi kuɗin dubawa, ya ce sensar oksijin, wato na'urar auna iskar hayaƙi da ke jikin salansa, ce ta mutu, in kawo kuɗin sabuwa. Da na nemi ya gaya mini lambar da ta fito, sai ya ce, "Alhaji, wannan ba aikinka ba ne." Haushin wannan magana ne ya sa na sayi ƴar ƙaramar na'urar OBD-II, wato mai karanta lambobin matsala daga kwamfutar mota, mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, irin marar suna da ke cike da kasuwa, wadda kuɗinta bai kai rabin na sensar ba.

Ranar farko kam ta burge ni ƙwarai. Na durƙusa na lalubo soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, na cusa ta, na tayar da mota, kafin minti biyu wayata ta nuna P0171. Ma'anar lambar ita ce iska ta yi wa fetur yawa a cikin injin, kuma ba ta ce a canja ko da ƙusa ɗaya ba. Manhajar da ke wayar ta nuna kwamfutar motar tana ƙara mai da kusan kashi 20 cikin 100 domin ta cike giɓin, da na taka totur kuma sai adadin ya sauko, alamar cewa iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya. Da wannan bayani na nufi Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, wajen wani dattijon fita, wato makanike, da surukina ya yi mini kwatancensa. Ya dubi wayar, ya bar injin yana aiki, ya fesa maganin wanke kabireto a gefen manifol, wato bututun da ke kai iska cikin injin, nan take ƙarar injin ta sauya. Ashe gasket ne, abin da ke toshe mahaɗar manifol da injin, ya bushe ya tsage, kuma da ya ciro shi ya miƙo mini, a hannuna ya karye kamar busasshen kara. Ya sa sabo, ya wanke sensar auna iska da ƙurar hunturu ta lulluɓe, ita kuwa sensar salansa da aka yanke wa hukunci tana nan tana aikinta har yau.

Da a wancan makon na rubuta wannan sharhi, da na ce kowane mai mota ya saya. Sai dai daga baya na yi tafiyar kwana tara zuwa Tamale na bar ta a jone, ban san cewa soket ɗin yana ba ta wuta ko da mota a kashe take ba, kuma wanda ya sayar mini bai ce uffan a kan haka ba. Na dawo na tarar batir ya sauka gaba ɗaya, sai da maƙwabci ya jona mini nasa da sassafe, yara kuma suka makara makaranta. Batirin dama ya kwana biyu, ban musa ba, amma bai taɓa kunyata ni haka ba. Ga shi tana yawan yankewa da waya a tsakiyar aiki, kuma da fitilar ABS, wato ta birki, ta kama a watan jiya, sai ta nuna mini babu wata matsala, domin lambobin inji kaɗai take iya karantawa.

Yanzu tana cikin aljihun mota, ba na jona ta sai da dalili, kuma ina gamawa nake zare ta. Maganar birkin kuwa, ranar Asabar zan koma Suame wajen dattijon nan mai babbar kwamfuta.